Almakashi a Hoton Inna

"Wa ya buɗe min akwati?"

Afra'u tana tsugune a bakin rijiya tana wanke kwanukan karin kumallo ta ji muryar Babanta daga ɗaki. Kwanon da ke hannunta ya suɓuce ya faɗa cikin taɓo. Malam Surajo mai awon gyaɗa ba mutum ne mai ɗaga murya ba, duk Gaya an shaide shi da haka. Yau kuwa har kajin tsakar gida sai da suka watse.

Goggo Hanne, yayarsa da ta riƙe Afra'u tun tana ƙarama, ta fito daga kicin da muciya a hannu.

"Lafiya, Surajo? Ɓarayi ne?"

"Hoton Suwaiba. Babu shi."

Afra'u ce ta ɗauka, mako biyu da suka wuce, kuma ta ɗauka ne da zuciya ɗaya. Shekara ashirin da rasuwar Innarta ba ta taɓa jin Baba ya ambaci sunanta ba sai yau. Ya ƙara aure sau biyu, babu wanda ya zauna, amma ko da wasa bai taɓa cewa saboda Suwaiba ba ne. Hoton yana can ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin tsofaffin riguna. Ta ɗauka an manta da shi.

Ta goge hannunta da gefen zani ta nufi ƙofar ɗakin, ta durƙusa.

"Baba, ni ce na ɗauka."

Ya juyo ya dube ta. Kayan akwatin duk a warwatse a kan tabarma.

"Kin kai ina?"

"Na ba Musbahu. Zai yi maka wani aiki da shi, ya kawo maka ranar Juma'a in sun zo. Kyauta ce muka so mu yi maka."

Musbahu kenan, ɗan Ajingi, wanda iyayensa za su zo neman aurenta jibi bayan an sauko masallaci. Sana'arsa ita ce ta hana dangi sakat tun farko. Yana tara tsofaffin jaridu da ƙyallayen atamfa da takardar buhun siminti, ya yanka ya liƙa a kan kwali har su zama hoto guda, sannan ya ɗauka ya ƙarasa gyaran a kwamfuta. Mutanen Kano da Abuja suna saya su rataye a ofisoshinsu. Amma a wajen Bappa Inuwa, ƙanin Baba, wannan ba sana'a ba ce, wasan yara ne da ƙaton gardi ya ƙi bari. Duk gidan Baba kaɗai ya tsaya mata. Ya ce yaron yana sallah, ba ya ci da haƙƙin kowa, shi ya ba shi 'yarsa.

Yanzu ga Baban nan yana kallonta kamar bai san ta ba.

Kafin ya ce komai sai ga sallamar Bappa Inuwa, ɗansa Mu'az yana biye da shi. Mu'az yana da shagon waya da wankin hoto a bakin tasha, kuma ya daɗe yana son Afra'u, ita kuwa ta daɗe tana ce masa ita yayanta ta ɗauke shi. Da ganin yadda suka shigo da sassafen nan, ta san ba gaisuwa ce ta kawo su ba.

"Yaya, ka ga abin da surukinka ya yi?" in ji Bappa. "Mu'az, nuna masa."

Mu'az ya miƙa wayarsa yana sunkuyar da kai, wai shi mai jin kunya.

"Wallahi Baba ban so na kawo maganar ba. A shafinsa na gani jiya, ya sa wa duniya. Mutum sama da dubu sun kalla."

Afra'u ta leƙa ta bayan kafaɗar Goggo. Innarta ce, tsaye ita kaɗai a tsakiyar wata gonar gyaɗa ta takarda. Aikin ya yi kyau, ko maƙiyi ba zai ce bai yi ba. Amma a ainihin hoton Inna ba ita kaɗai ba ce. Baba yana tsaye a gefenta, ya ɗora hannu a kafaɗarta.

Baba ya daɗe yana kallon wayar.

"Ina ni?" ya tambaya a hankali.



"Baba, a waya yake yankawa," in ji Afra'u da sauri. "Na sha ganinsa yana yi da yatsa. Hoton yana nan lafiya, wallahi yana nan."

"Tashi ki je ki karɓo min abina."

"Surajo!" Goggo ta dafe ƙirji. "Budurwa ta bi saurayi har garinsu, ana jibi za a zo neman aurenta? Me mutane za su ce?"

"Ita ta kai. Ita za ta karɓo."

Tana saka hijabi tana jin Bappa yana ta faɗa a tsakar gida.

"Tun farko na faɗa, aka ce ina yi wa ɗana kamfe ne. Matar da aka binne da mutuncinta, yau ga ta a wayar kowane ɗan tasha. Ga yaro a gida, ɗan'uwanta, da shagonsa da mashin ɗinsa, an tsallake shi an je an kwaso mai wasa da almakashi!"

*

Hadari ya haɗo tun kafin motar ta bar Gaya. Afra'u tana matse a kujerar baya tsakanin wata tsohuwa da buhun gero, tana ta kiran Musbahu, wayar ba ta shiga. Gonakin gyaɗa da dawa suna wucewa ta taga, kore shar, ita ko ba ta ganin komai. Abu ɗaya take ta maimaitawa a ranta, cewa a waya yake yankawa. Ta maimaita shi har ya fara yi mata kama da ƙarya.

Shagonsa yana bayan kasuwar Ajingi, ɗan ƙaramin ɗaki mai ƙofar langa-langa. Sau ɗaya ta taɓa zuwa, da ƙawarta, kuma a bakin ƙofa suka tsaya. Yau ta shiga har ciki ba tare da ta jira an amsa sallamarta ba.

Yana zaune a ƙasa, takardu sun kewaye shi, yatsunsa duk gam. Da ya gan ta fuskarsa ta washe.

"Afra'u! Ke da kanki? To kin ɓata min shiri, so na yi sai jibi ki gani."

Ya miƙe ya yaye wani farin ƙyalle daga jikin bango.

Ga Inna nan. Ya yi mata sararin sama da shuɗin takardar sabulu, ya yi ganyen gyaɗa da ƙyallen atamfa, ƙasar kuma da takardar siminti da ya murje ta yi laushi. Afra'u ta matsa kusa. Ta kai yatsa ta taɓa gefen fuskar Innarta, ta ji tudun takarda mai kauri, ta ji kaifin inda almakashi ya bi.

A kan kafaɗar Inna akwai yatsu huɗu, babu hannun da suka fito daga gare shi.

"Musbahu," ta ce. "Wannan wanki ne ka yi a shago, ko?"

"Wane irin wanki? Shi ne ainihin hoton. Sabon wanki ba ya ba da wannan kalar, dubi yadda ya yi ja-ja. Tsohuwar takarda tana da rai, Afra'u, shekarunta suna jikinta. Shi ya sa kullum da hannu nake fara aikina. Na waya da kike gani ƙarashe ne kawai."

Ta zame ta zauna a kan wani kwali. Kukan da ta riƙe tun daga Gaya ya ƙwace mata.

"Ka kashe ni, Musbahu. Wallahi ka kashe ni."

"Subhanallahi! Me ya faru?"

"Baba ya nemi hotonsa. Bai san na ɗauka ba."

Ya tsaya cak.

"Bai sani ba? Ai na ɗauka shi ya ba ki."

"Ni ma na ɗauka a waya za ka yi."

Suka dubi juna. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufin. Shekara biyu suna tare, sun yi hirar sunan 'ya'yan da za su haifa, sun yi hirar kalar labulen ɗakinsu, amma ba ta taɓa tambayarsa yadda yake aikinsa ba, shi kuma bai taɓa tambayarta ko hoton nan yana da ɗan'uwa ba.

Ya durƙusa a gabanta.

"Ki daina kuka, don Allah. Babu abin da ya ɓata. Sai da na ɗauke shi tsaf a kwamfuta kafin na sa almakashi. Gobe da asuba na shiga Kano na wanko masa sabo, babba, a cikin firem. Ya ma fi na da kyau."

Ta ɗago jajayen idanunta.

"Kai fa ka gama ce min tsohuwar takarda tana da rai. Da za ka yi aikinka ka ƙi sabon wanki. Shi Baba ne zai karɓa?"

Ta share hawayenta ta ci gaba.

"Kuma ka sa ta a shafinka, kowa yana kallo. Ya Mu'az ya kai wa Baba har gida."

"Zan cire yanzu. Wallahi murna ce ta ɗebe ni, aikin ya fi duk wanda na taɓa yi." Ya ɗauki wayarsa ya goge. "Na cire. Afra'u, ki dube ni. Ni ban san uwa tana da tsada haka a hoto ba, tawa tana gida, kullum ina ganinta."

Wannan maganar ta ƙara tsinka mata zuciya, don ta san gaskiya ya faɗa.

"Ina sauran?"

Ya buɗe wata tsohuwar mujalla ya zaro rabin hoton. Baba ne da ƙuruciyarsa, da hula zanna, yana murmushin da Afra'u ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Hannunsa na dama ya miƙe ya ƙare a wuyan hannu. Gefen da Inna take babu komai, har kusurwar ƙasa an zubar.

"Akwai farin gefe a nan," ta ce tana nunawa. "Da labulen da ke bayanta."

"Tarkacen yanka ne. Ina tarawa a leda na kai wa Hajiyarmu, itace ya jiƙe da daminar nan, da su take hura wuta."

"Ta hura?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta miƙe ta sauke allon hoton ta naɗe shi da farin ƙyallen, ta sa rabin hoton a jakarta. Ya tare ƙofa.

"Bari na bi ki. Ni na yi laifin, ni zan durƙusa masa."

"In Bappa ya gan ka yau, an gama. Ka bar ni."

"To jibi fa? Kawuna ya sayi goro, an gaya wa kowa."

"Ban sani ba, Musbahu."

"Afra'u, kar ki bari takarda ta raba mu."

Ba ta juyo ba. Ta shiga cikin ruwan, ta rungume allon a ƙarƙashin hijabinta don kada ya jiƙe.

*

La'asar ta yi kafin ta iso gida. Ruwan ya tsagaita, sai yayyafi. A rumfar tsakar gida ta tarar da su duka, har da Mu'az, wanda ya je ya dawo da wani ƙaton firem mai ruwan zinare.

"Baba, ga shi na gyara maka," yake cewa. "Daga wanda ya sa a shafinsa na ciro fuskar, na ba wata manhaja ta wanke ta tas. Ko sisi ba na so."

Baba ya karɓa ya riƙe da nisa, ya matso da shi kusa. Mace ce fara sol, fuska sumul kamar ta 'yar tsana. Zanen da ke gefen bakin Inna ya ɓace, wushiryarta ma an cike ta.

"Wannan matar wa ce?"

"Inna Suwaiba ce, Baba."

"A'a. Mayar wa mijinta."

Ya jingina firem ɗin da bango, fuskar tana kallon ƙasa. Mu'az ya yi tsuru-tsuru. A wata ranar da Afra'u ta yi dariya har da hawaye.

Ta durƙusa ta ajiye allon a gaban Babanta, ta yaye ƙyallen. Sannan ta zaro rabin hoton ta ɗora a kai.

Goggo ta saka salati. Bappa ya buga cinya.

"Ka gani ko? Ka gani da idonka! Ya yanke ka ya yar. Wanda ya yi wa hoto haka tun bai shigo gida ba, me zai yi wa 'yarka?"

"Inuwa, ya isa."

"Yaya, ni dai in kana jin shawarata…"

"Na ce ya isa. Ku ba ni wuri, ku duka. Ke tsaya."

Suka fita suna waige. Goggo ta shige kicin, amma ta bar ƙofar a buɗe.

Baba ya ɗauko 'yar wuƙar da yake yanka goro da ita. A hankali ya zura bakinta ƙarƙashin hoton, yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, yana riƙe numfashi. Gam ɗin ya kama sosai. Bayan takardar ya ɓare ya zauna a jikin kwalin, abin da ya fito ya yi sirit har haske yana ratsa shi. A tsakiyar gonar Musbahu aka bar farin tabo mai siffar mace.

Ya shimfiɗa guda biyun a kan tabarma ya matsa su kusa da juna. Yatsun da ke kafaɗarta suka ƙi haɗuwa da hannunsa. Almakashi ya cinye tsakaninsu.

"Ina kusurwar nan?"

"An hura wuta da ita, Baba."

Ya rufe ido.

"Ranar da muka karɓo shi a wajen mai hoto, ta kwana da lalle, bai gama bushewa ba. Na ce kar ki taɓa, ta ce sai ta fara gani. Ta fisge. Babban yatsanta ya fito a nan, ja, har da layi-layinsa. Na yi ta faɗa, wai ta ɓata min hoto." Ya shafa tabarmar, daidai inda kusurwar ya kamata ta kasance. "Duk Laraba nake ɗauko shi, ranar da ta rasu. Makon jiya ina kasuwar ƙauye. Ba fuskar nake zuwa gani ba, fuskar tana wajenki. Yatsana nake ɗorawa a kan nata."

Afra'u ta kifa kanta a ƙasa tana kuka mai cin rai.

"Baba, ban sani ba. Ba ka taɓa faɗa min ba. Ka yafe min, laifina ne, ba nasa ba ne. Ni na sata na kai masa. Ka dake ni, ka yi min duk abin da ka ga dama."

"Na yafe miki. Shi ma na san ba da mugunta ya yi ba."

Ta ɗago da sauri, wani ɗan sanyi ya ratsa ƙirjinta.

"Ba zan yi miki dole ba, Afra'u. Ba zan ba Mu'az ke ba, Inuwa ya yi ta faɗansa. Kuma na riga na ba yaron nan, ba na magana biyu. In sun zo jibi a shimfiɗa musu tabarma, Bappanki ya karɓe su, ya yi miki waliyyi."

"Kai fa, Baba?"

"Zan tafi gona."

"Ranar ɗaurin auren fa?"

"Ita ma." Muryarsa ta karye. "Ba fushi ba ne. Na zauna tun safe ina lallashin zuciyata ta ƙi. Ba zan iya kallon hannun yaron nan ba. In ya miƙo min shi mu gaisa, almakashi zan gani. Ki aure shi, Allah ya ba ku zaman lafiya, ki riƙa zuwa kina gaishe ni. Ke kaɗai."

Ya tattara guntayen biyu a tafin hannunsa ya shiga ɗaki.

Goggo ta fito ta zauna kusa da ita tana share hawaye da bakin mayafi.

"Kin ji dai. Bai hana ki ba. Amma ki sani, mutumin nan ba shi da kowa sai ke."

Wayarta ta fara ruri a cikin jaka. Ta san waye. Ta bari ta katse, ta sake shigowa, sannan ta ɗauka.

"Afra'u, yaya? Me ya ce?" Muryar Musbahu a dashe take, da ji shi ma ya sha kuka. "Na tona murhun Hajiya duka, na tankaɗe tokar da rariya. Babu komai. Ya ce mu fasa?"

"A'a. Ya ce ku zo."

"Alhamdulillahi! Allah na gode maka! Afra'u, wallahi zan…"

Labulen ɗakin Baba bai rufe duka ba. Tana hango shi zaune a bakin gado, ya ɗora guntayen a gwiwarsa, yana danna su da babban yatsa, suna rabuwa, yana sake matso su.

"Musbahu."

"Na'am?"

"Kada ku zo."



"Ke kika ce, ko shi?"

"Ni na ce."

"Har zuwa yaushe?"

Yayyafin ya fara sauka a kan allon da aka bari a bakin rumfa, shuɗin saman yana zuba yana gangarowa cikin farin tabon. Musbahu yana ta kiran sunanta a waya. Ta ajiye ta a kan tabarma ba tare da ta kashe ba, ta tashi ta je ta zauna a bakin ƙofar Babanta.